Daga Bakin Rumfa: Tsoka jari ce da ba ta son ajiya

  Yau na ajiye zancen canji da na kan iyaka, nama za mu tattauna a kai.

Duk garin da ka sauka a wannan yanki, in dare ya yi ka hangi wuta da hayaƙi a bakin titi, da wuya ka matsa ba ka ji Hausa ba. A Akara su ce cicinga, a Yawunde su ce soya, a Ikko su ce suya, mu kuwa mun san tsire ne da balangu. Mun san nama kamar yunwar cikinmu. Mahauci daga taɓawa zai gaya maka wannan cinya ce, wannan gadon baya, wannan kuma na tsohuwar saniya ne, ba zai nuna da wuri ba. Amma ka tambayi mutum aikin da wannan jan nama yake yi a jikin saniyar tun tana da rai, ko a jikinsa shi kansa, sai ka ji shiru. Alhali kuwa da shi muke tashi, da shi muke tafiya, da shi muke ɗaukar kaya, har numfashi da shi muke yi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda nake ganin sa'o'ina a kasuwa, 'yan shekara hamsin da ɗoriya. Tumbi ya fito, ƙafa ta tsuke, tashi daga tabarma sai an dafa bango, hawa bene sai an tsaya a tsakiya. Mutumin da a da yake saɓa buhu shi kaɗai, yau jakar hannu ma yaro ke riƙe masa. Sai mu ce tsufa ne. E, da tsufa a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma rabon da ba nasa ba ya fi yadda muke zato yawa.

Tsoka iri uku ce a jiki. Akwai ta zuciya, wadda ke aikinta ba ta neman izininka. Akwai ta kayan ciki, irin wadda ke jikin hanji da tumbi da jijiyoyin jini, ƙundun kaza ma ita ce, ita ma ba ruwanta da umarninka. Sai ta uku, wadda ke manne da ƙashi, wadda kai ne kake ba ta umarni. Ita ce jan naman da ke kan teburin mahauci, ita ce kuma abin maganarmu yau. Akwai irinta sama da 600 a jikin mutum, kuma a jikin namiji matashi mai lafiya takan kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, ta mace ta ɗan gaza haka. Babbarsu ita ce ta ɗuwawu, ƙaramarsu tana can cikin kunne, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Harshe tsoka ne. Shimfiɗar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda ke jawo iska cikin huhu, ita ma tsoka ce, kuma in ta zabura ba shiri, shi ne shaƙuwa. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Mai kilishi ba ya bukatar a gaya masa wannan, ya san nawa ya shanya, ya san nawa ya kwashe.

Wanda yake son ya ga yadda aka tsara tsoka, ya tsaya kusa da uwargida ranar da take dambun nama. In ta dafa naman ta daka, za ka ga ya warware sili-sili, duk sun miƙe sun fuskanci wuri ɗaya. Wannan silin da kake gani da ido ba shi ne ƙarshe ba, shi ma dami ne. Tsarin kamar na dilar kaya yake. Tsoka ɗungurungum an naɗe ta da farin tantani, wanda mahauci ke ɗayewa da wuƙa. A cikinta akwai ƙunshi-ƙunshi, kowanne da nasa tantanin. A cikin kowane ƙunshi akwai zaruruwa masu yawa, kowane zare kuma da tasa rigar. Wannan zare shi ne ƙwayar halittar tsoka guda ɗaya. Kaurinsa bai wuce na silin gashi ba, sau da yawa ma bai kai ba, amma tsawonsa yakan kai santimita da dama. Ta tsakanin waɗannan tantani ne jijiyoyin jini da na saƙo suke ratsawa su isa ga kowane zare.

Tantanin nan ba ado ba ne. Su ne suke haɗuwa a bakin tsoka su zama farar igiya mai tauri wadda ke ɗaure ta da ƙashi, wato agara. A nan Hausarmu ta ɗan rikita mu, domin kalma ɗaya muke amfani da ita, jijiya, ga abubuwa uku mabambanta: bututun da jini ke bi, da wayar da saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa da laka, da kuma wannan igiya ta agara. Shi ya sa mutum zai je asibiti ya ce jijiya ke damunsa, likita ya yi ta tambaya kafin ya gane wacce. Tsokar da ta fi shan aiki, kamar ta ƙafar saniya, ta fi yawan wannan farin abu, don haka ta fi tauri, sai an daɗe ana dafawa kafin ya narke, kuma shi ne ke sa romo ya daskare in ya huce. Naman da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki kuwa, da yake ba ya wani aikin kirki, shi ya fi taushi, shi ya fi tsada.

Cikin mutanen farko da suka leƙa cikin zaren tsoka akwai wani ɗan kasuwa irinmu, kuma wannan yana yi mini daɗi. Sunansa Antoni fan Lewenhuk, mutumin garin Delft a ƙasar Holan, ƙasar nan da atamfa ta ci sunanta. Yadi yake sayarwa, bai yi jami'a ba. Da hannunsa yake goge ƙananan gilasai masu ƙara girman abu, ya riƙa duba duk abin da ya samu, yana rubuta wa masana na Landan wasiƙu. A ƙarshen ƙarni na 17 ya duba nama ya ga kowane zare yana da zane-zane a gicciye, duhu da haske, duhu da haske, kamar saƙi. Ya gani, amma sai da aka yi fiye da shekara 250 kafin a gane ma'anar zanen.

A shekarar 1954 ne ayari biyu na masana, kowanne yana aikinsa daban, suka fito da bayani iri ɗaya a fitowa ɗaya ta mujallar Nature. Ɗaya ayarin Andiru Hakzili ne da Rolf Nidagake, ɗayan kuma Hiyu Hakzili da wata mata, Jin Hanson. Hakzili biyun nan sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba dangi ba ne. Ga abin da suka gano. A cikin kowane zare akwai wasu ƙananan zaruruwan ɗaruruwa, kowanne an yanka shi ɗaki-ɗaki a jere kamar taragon jirgin ƙasa. Ɗakunan nan ƙanana ne ainun, kusan 400 zuwa 500 ne za su cika milimita ɗaya. A kowane ɗaki akwai sanduna iri biyu na furotin, masu kauri ana ce musu mayosin, sirara ana ce musu aktin, sun shiga tsakanin juna. Ka buɗe yatsun hannuwanka biyu ka sarƙa bakinsu, sannan ka tura su cikin juna. Yatsun ba su gajarce ba, amma tazarar da ke tsakanin tafukanka ta ragu. Haka tsoka take tsukewa. Sandunan ba sa lanƙwashewa, ba sa gajarcewa, shigewa cikin juna suke yi. Inda suka haɗu ya yi duhu, inda sirara suke su kaɗai ya yi haske, zanen da mai yadin nan ya gani ke nan.

Me ke jan su? A jikin kowane mayosin akwai 'yan kawuna kamar ƙugiya. Kan ya kama aktin, ya ja, ya saki, ya miƙa gaba, ya sake kamawa, tamkar mai jan guga a rijiya, hannu bayan hannu. Kuma ba duka suke saki lokaci ɗaya ba, in wasu sun saki wasu na riƙe, don kada gugar ta koma. Jan da kai ɗaya yake yi ba abin a zo a gani ba ne. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ɗakuna dubbai a jere, zaruruwa dubbai gefe da gefe, kowa ya ja nasa, sai ga buhun shinkafa mai kilo 50 ya bar ƙasa.

Ba sa fara ja sai an ba su izini. Saƙo yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi laka, ya bi jijiyar saƙo har bakin zaren. A nan jijiyar ta saki wani sinadari, sai wani ɗan lantarki ya ratsa zaren, sai rumbun kalsiyam da ke cikinsa ya buɗe. Kalsiyam ɗin ne ke janye murfin da ya rufe wuraren kamawa a jikin aktin. In saƙo ya tsaya, sai a tsotse kalsiyam a mayar rumbu, murfi ya koma, tsoka ta saki. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, ita ma ƙiftawar da wannan hanya ake yin ta. Jijiya ɗaya tana da zaruruwan da take shugabanta. A tsokar da ke juya ido, jijiya ɗaya ba ta riƙe fiye da 'yan ƙalilan, shi ya sa aikin yake da kyau da daidaito. A sha-raɓa kuwa jijiya ɗaya takan riƙe sama da dubu. In za ka ɗaga kofin shayi, ƙungiyoyi kaɗan ake tasa, in jarkar mai ce a taso da yawa, kamar yadda kake kiran 'yan dako gwargwadon lodi. Kuma tsokar da jijiyarta ta mutu, ko da lafiyarta ƙalau, shanyewa take yi. Abin da cutar shan inna ke yi ke nan: ba naman ƙafar take ci ba, tushen jijiyar take kashewa a laka, ƙafar ta rasa mai ba ta umarni ta tsotse.

Akwai wani abu a nan da ya daɗe yana ba ni mamaki. Kowane ja yana cin wani sinadari da masana ke kira ATP, shi ne kuɗin hannun tsoka. To ashe ba ja kaɗai ke cin kuɗin ba, saki ma sai an biya. Kan mayosin ba ya rabuwa da aktin sai sabon ATP ya zo ya zauna masa. Shi ya sa in rai ya fita, aka daina ƙera ATP, kawunan suke kamawa su ƙi saki, jiki ya sandare. Yakan fara bayan sa'a biyu zuwa shida, ya kai maƙura wajen sa'a 12, sannan ya saki bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma zafi yana gaggauta shi. Masu wankan gawa sun san wannan, mahauta ma sun sani: naman da aka dafa yana cikin wannan hali ya fi tauri. Wato sakin jiki ma aiki ne na mai rai.

Tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba. Saboda haka bibbiyu suke aiki, kishiyoyin juna. Ƙwanjin gaban damtse ya naɗe hannu, na baya ya miƙe shi. Ko turin baro da kake yi, ja ne wasu tsokoki suke yi ta bayan gaɓa. Yatsunka kuwa babu tsokar da ke motsa su a jikinsu, mafi yawan ƙarfinsu daga dantsen ƙasa yake zuwa ta dogayen agara. Duk wanda ya taɓa wasa da ƙafar kaza ranar salla, yana jan farar igiyar nan yatsun suna damƙewa, ya riga ya ga darasin.

Kazar dai za ta ƙara mana wani. Me ya sa ƙirjinta fari, cinyarta ja? Domin zaruruwan tsoka ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu jimiri, ba su da saurin ja amma ba sa gajiya da wuri, suna cike da jijiyoyin jini da wani jan sinadari mai riƙe iska, mayoglobin. Akwai kuma masu zafin nama, ƙarfi da sauri, amma nan da nan su sare. Kaza wuni take tana yawo, tashi kuwa sai in an kore ta, shi ma taku kaɗan, don haka ƙafa ja, ƙirji fari. Duba ƙirjin tantabara mai wuni a sama, ja wur. Af, kuma jan ruwan nan da ke fita daga naman da aka yanka aka tsiyaye da kyau, wanda wasu matan ke ta wankewa suna cewa jini ne, yawancinsa ruwa ne da mayoglobin. Mu mutane kowace tsokarmu gauraye take da iri biyun. Abin lura shi ne masu zafin naman su ne tsufa da zama suke fara ci, kuma su ne ke cetonka in ka yi tuntuɓe, su ne ke tashe ka daga ƙasa.

Yanzu mu zo inda zancen ya shafi tukunya da asibiti. Tsoka ita ce babbar mai sayen sukarin jini. In ka ci tuwo ko shinkafa ko burodi, suka narke suka zama sukari a jini, kaso mafi tsoka na wannan sukari, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wanda insulin ke turawa, cikin tsoka yake shiga. Tana ƙona wani, ta adana wani. Ma'ajiyarta takan ɗauki kusan giram 400, ta hanta kusan 100. To ka ɗauka babban dilan da ke kwashe maka kaya ya rage saye, shagonsa ya ƙanƙance, kuma wanda ya saya jiya bai sayar ba, kai kuwa mota ba ta fasa sauke maka lodi ba safe da rana da dare. Ina kayan za su? Haka sukari yake taruwa a jinin mai shagon da ke zaune daga bakwai na safe zuwa magariba, shayi mai madara da sukari na zuwa, lemon kwalba na zuwa. Ciwon suga yana da dalilai da yawa, har da gado, amma wannan yana cikin manyansu. Daɗin abin, tsokar da ke aiki tana buɗe ƙofa ta ja sukari ko da insulin bai ƙwanƙwasa ba. Tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci tana rage hawan sukari, an auna an gani.

Wani aikinta kuma mu matafiya ya fi shafa. Jinin da ya sauka ƙafa, tsokar sha-raɓa ce ke matse jijiyoyi ta tura shi sama duk sanda ka taka. Wanda ya taɓa zama a mota daga Kano zuwa Akara, gwiwa a takure da kaya, ya san yadda takalmi ke ƙin shiga in an sauka. Famfon ne aka kashe. Duk inda mota ta tsaya, a sauka a taka, in ba hali a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa a zaune. In kuwa bayan doguwar tafiya ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana zafi tana ciwo, kada a kai wa mai tausa. Jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa. Asibiti za a nufa a ranar.

Jiki ɗan kasuwa ne mai tsananin lissafi. Tsoka tana da tsadar riƙo, ko kana barci tana cin abinci, don haka duk wadda ya ga ba a amfani da ita sai ya fara warware ta. Kullum ana rushe furotin ɗinta ana sake ginawa, abin da ke sa gini ya rinjayi rushewa kuwa abu biyu ne, aiki da abinci. Daga shekara 30 zuwa sama, mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara gudu. Sau da yawa sikeli ba ya nunawa, domin kitse yana cike gurbin. Ba wai tsokar ce ke zama kitse ba, abubuwa ne daban, ɗaya na fita ɗaya na shiga. Kwanciya kuwa ta fi komai saurin cin ta. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu lafiya, 'yan wajen shekara 67, kwana goma a gado. Da suka tashi, kusan kilo ɗaya na nama ya tafi daga ƙafafunsu kaɗai. Kwana goma! Je ka wajen mahauci ka ce ya auna maka kilo ɗaya ka ga yawansa.

A nan ne nake da magana da mu, kuma na san ba kowa zai ji daɗinta ba. Yadda muke girmama manya yana taimakawa wajen kwantar da su. Da mutum ya samu rufin asiri, ya yi yara a shago, shi ke nan an ɗauke masa komai. “Alhaji, kawo in riƙe maka.” “Baba, zauna, yanzu zan ɗauko.” Masallacin da ke bayan layi, a babur za a kai shi. Buta ma ɗauko masa za a yi. Uwa ta aurar da ɗa, suruka ta zo, sai a ce “Hajiya, ke dai ki huta, kin yi naki.” Niyyar mai kyau ce, tarbiyya ce, ba na cewa a bar ta. Amma kakanninmu da suka yi fatauci a ƙasa daga Kano zuwa Gwanja, da iyayenmu mata da suka yi daka da niƙa da jan ruwa, ba su san wannan irin hutu ba. Mu a zango ɗaki ɗaya ne ko biyu na haya, ba gona, ba turke, famfo a tsakar gida, inji a bakin layi. Matan da ba sa fita sun fi kowa shiga wannan hali, sai ka ji mace 'yar shekara 45 tana kukan gwiwa, alhali rabin matsalar cinyar da ke riƙe gwiwar ce ta yi rauni. Ƙarshen abin shi ne faɗuwa a banɗaki, karayar ƙugu, kwanciya, kwanciyar kuma ta cinye sauran.

Abin farin ciki, tsoka ba ta san ritaya ba. A 1990 wata likita mai suna Mariya Fiyataron da abokan aikinta suka ɗauki tsofaffi goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, masu shekara 90 ko kusa da haka, raunana. Suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa, sau uku a mako, har mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, wato ya kusa ninkawa uku, naman cinyar ma ya ƙaru. In ɗan 90 zai samu haka cikin wata biyu, ɗan 55 ba shi da hanzari. Yadda abin yake, in ka ɗora wa tsoka aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, sai jiki ya ƙara sandunan aktin da mayosin a cikin kowane zare, zaren ya yi kauri, jijiyoyin saƙo kuma su koyi tasar ƙungiyoyi da yawa lokaci ɗaya. Ciwon jikin da ke zuwa washegari ko jibi bayan sabon aiki alamar gyara ce, yakan wuce cikin 'yan kwanaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, sannan aƙalla kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Wannan na biyun shi ne muke mantawa. Tafiya tana da kyau ƙwarai, amma ita kaɗai ba ta isa ta tasar da masu zafin naman nan ba, sai da nauyi. Ba kuma sai ka sa gajeren wando ka je gidan ɗaga ƙarfe yara su yi maka dariya ba. Kujerar shagonka ta isa: tashi ka zauna sau goma ba tare da dafa komai ba, ka huta, ka sake, sau uku. Ka dafa kanta ka yi ɗage sau ashirin. Ka jingina tafukanka da bango ka matsa ka ture. Galan biyu na ruwa, ɗaya a kowane hannu, ka kai ƙarshen layi ka dawo. In ya yi sauƙi ka ƙara, a hankali. Kada a riƙe numfashi ana yunƙuri, musamman mai hawan jini ko mai ƙaba. Mai ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa, kuma duk wanda ya ji ƙirji ya riƙe ko jiri, ya tsaya. Baba da Hajiya kuwa, a bar musu butarsu da tsintsiyarsu, a raka su masallaci ko gidan maƙwabta a ƙasa, a riƙe musu hannu in da bukata.

Sai abinci, domin ba a gini ba bulo. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, masana da yawa kuma suna ganin dattijo ya fi bukatar giram 1 zuwa 1.2. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Ba sai nama kullum ba: wake, ƙosai, alala, awara, ƙuli-ƙuli, nono, busasshen kifi, duk suna yi. Matsalar ita ce tsoho in haƙori ya tafi sai a mayar da shi kan koko da shayi da burodi, ga shi shi ya fi kowa bukata. A dafa masa wake ya yi laushi, a dama masa fura da nono, a daka masa kifi a miya. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai zai bi ma'aunin da likita ya ba shi. Kuma ina roƙon 'yan uwa mata su yi hattara da ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tire. Da yawansu akwai deksametazon a ciki. Yana kumbura fuska da ciki, amma naman cinya da damtse yake ci, ya tayar da sukari, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, yin hakan ma haɗari ne, ta je a rage mata a asibiti.

A kasuwa ɗaya kuma, gaban shagon mai zaman nan, akwai wanda matsalarsa kishiyar wannan ce. Ɗan dako, da mai tura baro, da 'yan matan nan masu ɗaukar kaya a ka a Kumasi da Akara da ake kira kayaye, sunan ma daga kalmarmu ta kaya ya samo rabinsa. Su aiki ya yi yawa, abinci da barci sun yi kaɗan, ga shi tsoka a lokacin hutu take gyara abin da aiki ya yaga. Da yawa sai su koma wa taramol don su daina jin ciwo. Ƙwayar ba ta ƙara zare ko ɗaya, ƙararrawar kawai take kashewa, mutum ya ci gaba da ɗora wa tsoka da agara abin da ya fi ƙarfinsu, ga kamu da take yi. Mu da muke ba su lodi muna da hannu a ciki. Buhu biyu da kake ɗora wa yaro ɗaya don ka rage kuɗin sawu, raba shi biyu. Ka bar jarkar ruwa a bakin shago lokacin zafi. In kuma ɗan dako ko yaron shagonka ya yi aiki mai tsanani a rana, ya zo yana kukan ciwon jiki mai tsanani da kasala, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, kada ka ce shawara ce ka haɗa shi da jiƙo. Zaruruwan tsoka ne mai yiwuwa suka farfashe, mayoglobin ɗin nan ya zubo cikin jini, kuma yana iya toshe ƙoda cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarin ruwa yake bukata a asibiti da gaggawa, kuma kuɗin motar kai ne za ka biya.